Kiwon Agwagwa: Jarin Da Ke Kwance A Bayan Gida

Duk wanda ya bi lungunan Gada Biyu cikin garin Jos da damina zai ga gidaje da yawa masu ɗan fili a baya da aka bar wa ciyawa. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba ruwa ba ya yankewa a kan tsaunin Filato, don haka cikin 'yan makonni wurin ya zama sunƙuru, maɓoyar macizai da sauro. A ganinmu irin wannan fili jari ne da aka yi watsi da shi, kuma agwagwa ce ta fi dacewa ta tayar da shi.

Jos ta daɗe da yin suna wajen kiwon kajin gidan gona, amma abinci kaɗai kan cinye wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin da mai kiwo ke kashewa. Bayan janye tallafin man fetur a shekarar 2023, tsadar masara da sufuri ta sa ƙananan masu kiwo da dama suka rufe akurkinsu. Ita kuwa agwagwar gida, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne, ba ta jiran buhun kamfani. Dusa da ragowar tuwo da ganyen kabeji da latas da ake zubarwa a kasuwar Farin Gada sun ishe ta, ga ƙwari da dodon koɗi da take tsinta da kanta. Bugu da ƙari, annobar Niyukasil da kan share kajin gida lokacin hunturu ba kasafai take kayar da ita ba.

Sai dai tana buƙatar haƙuri. Kaza kwana 21 take kwanci, agwagwa kuwa sai ta yi 35. Amma uwa ce tagari: takan kwanta kan ƙwai goma ko fiye, ta ƙyanƙyashe akasarinsu, kuma toro ya fi macen nauyi kusan ninki biyu, abin da ke ƙara masa daraja a kasuwa. Toro ɗaya da mata huɗu sun isa farawa.

Gyaran wurin ba wani abu ne mai tsada ba. A sassabe ciyawar, a kwashe fasassun kwalabe da gwangwanaye, a kewaye da waya mai raga, a yi ɗan ɗaki mai rufi saboda sanyin dare, domin 'ya'yan agwagwa ba sa jure sanyin Jos a makonninsu na farko. Rabin durom ya isa wurin wanka. Ruwan da aka sauya daga ciki, haɗe da kashinsu, taki ne, sai a yi masa hanya zuwa kunyar alayyafo ko karas a ɗaya gefen shingen. Yawancin ƙorafin da ake yi cewa agwagwa ƙazama ce, laifin mai ita ne da ya sake ta tana bin kwatocin unguwa.

A nan ne kuma babban haɗarin yake. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona kusa da Jaji a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, ta kuma dawo a 2015, an san agwagwa na iya ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da ta nuna alama ba. Agwagwar da ke yawo a kududdufan da haƙar kuza ta bari, tana cuɗanya da tsuntsayen daji, na iya jawo wa maƙwabci mai kaji dubu biyu asarar da ba zai farfaɗo ba. Saboda haka shinge wajibi ne, kuma kada a haɗa ta da kaji. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana nan kusa. Ya kamata malaman gona na jihar su riƙa kai wa masu kiwon bayan gida bayananta, kamar yadda ake kai wa manyan gonaki.

Wajibi ne kuma 'yan kasuwa su san cewa masu sayen agwagwa ba su kai na kaza yawa ba. Ciniki ya fi tashi a ƙarshen shekara, lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, don haka mai dabara zai sa a yi kwanci cikin Yuli, ya kuma nemi masu gidajen abinci su yi alkawarin saye tun kafin 'ya'yan su yi gashi.