Gasar Fentin 'Yan Sojojin Roba: Hannun Wa Ya Yi Aikin?

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Ingila ne, mu ga wata gasa wadda magidanta, har da masu furfura, kan shafe watanni suna shiri dominta, alhali kuwa abin da ake gasar a kansa bai fi gaɓar yatsa tsawo ba. Gasar ita ce ta yi wa 'yan mutum-mutumin wasan yaƙi fenti.

Bari mu fara da wasan kansa. Mutum biyu ne kan zauna a gefen babban tebur wanda aka ƙawata da 'yan duwatsu da itatuwa da kangaye, kowa ya jera rundunarsa. Da tef irin na tela ake auna tafiyar kowane soja, a kuma jefa ƙwaya mai lamba irin ta ludo don a san ko harbi ya samu ko ya kuskure. Abin ya daɗe a Turai, domin tun a shekarar 1913 marubucin nan H. G. Wells ya buga littafin dokokin irin wannan wasa mai suna Little Wars. Amma wanda ya yaɗa shi a duniya shi ne kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, hedkwatarsa kuma tana birnin Nottingham. Shi ya fito da wasan Warhammer a 1983, sannan Warhammer 40,000 a 1987.

To, inda fenti ya shigo shi ne, ba a sayar da sojojin nan a shirye. Gunduwa-gunduwa suke zuwa cikin kwali, robar toka-toka ba launi. Mai saye shi zai yanke, ya kankare, ya haɗa da gam, sannan ya zauna da buroshi. Soja ɗaya tsawonsa wajen milimita 28 zuwa 32 ne, idonsa bai kai ƙwayar gero ba, amma gwanaye har baƙin cikin idon suke ɗigawa.

Aikin yana da matakai. Da fari a fesa shimfiɗa, baƙa ko fara, don fenti ya kama. Sai a shafa launin tushe. Sai a bi da wani fenti mai duhu, tsararo kamar ruwan shayi, wanda kan gangara ya kwanta cikin lunguna ya ba da inuwa. Daga nan a riƙa ɗora launi mai haske a wuraren da rana za ta buga, kamar goshi da kafaɗa da bakin takobi. Babban sirrin kuwa shi ne a tsinka fentin da ruwa a yi ta shafawa bi da bi, domin fenti mai kauri yakan cike zanen fuska da na sulke, soja ya koma kamar curin laka. Akwai ma waɗanda kan zana ƙarfe ba tare da fenti mai ƙyalli ba, wato da toka-toka da fari da baƙi kaɗai, amma in ka duba sai ka rantse walƙiya yake yi.

Lambobin yabo iri biyu ne. Na farko a wurin gasar wasa ake ba da su: bayan kyautar wanda ya fi cin yaƙi, akwai ta rundunar da ta fi kyan fenti. Wani wurin alƙalai ke zaɓa, wani wurin 'yan wasa ke jefa ƙuri'a. Gasa da yawa ma ba sa yarda a ɗora soja a tebur sai yana da launi aƙalla uku. A dokokin Warhammer 40,000 da aka fitar a 2020, an ware maki 10 cikin 100 ga duk wanda ya zo da runduna mai cikakken fenti. Kun ga ke nan rago na iya faɗuwa tun bai jefa ƙwaya ba.

Iri na biyu kuwa gasar fenti ce zalla, ba wasa a ciki. Uwarsu ita ce Golden Demon, wadda Games Workshop ya fara a Ingila a 1987. Akan raba ayyuka aji-aji: soja guda, ƙaramar runduna, motar yaƙi, dodo, da kuma ajin yara. A kowane aji akwai na ɗaya da na biyu da na uku, sannan wanda ya fi kowa da kowa a ba shi takobi na gaske, dogo, ya ɗaga a gaban jama'a. Alƙalai kan ɗauki aikin su juya shi ta kowace fuska, suna neman inda gam ya tsartu, ko inda aka bar layin roba ba a kankare ba, ko inda launi biyu suka haɗu ba su narke da juna ba. Aiki guda kan ci sa'o'i ɗaruruwa.

Cikin waɗanda suka ɗaga takobin nan akwai wani Baturen Ingila, David Soper. Ya ci a 1990, ya janye daga gasar shekaru masu yawa, ya dawo ya tarar salon fenti ya sauya, samari sun yi nisa. Bai ce shi tsohon gwani ba ne, ya zauna ya sake koyo, har ya kuma ɗaga takobin a 2013, wato bayan shekara 23. Mai haƙuri dai shi kan dafa dutse.

A Amurka kuma an yi wata gasa mai suna Crystal Brush daga 2011 zuwa 2019, a taron AdeptiCon kusa da birnin Chicago, inda na ɗaya kan tafi da dala 10,000. Wato abin ya wuce wasan yara, ya zama sana'a, domin wanda ya yi suna yakan sami masu kawo masa aiki da masu biya don ya koya musu.

A nan ne kuma matsalar take. Da yake akwai masu fenti na haya, mai kuɗi na iya aika rundunarsa a ƙawata masa, ya zo gasa ya jera. In alƙalai ba su tambaya ba, sai ya karɓe lambar yabo, wanda ya ɓata idonsa a ƙarƙashin fitila kuwa ko sunansa ba a ji ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Saboda haka ne masu shirya gasa da yawa kan sa kowa ya faɗi ko shi ya yi fentinsa da kansa, wanda ba shi ya yi ba ya yi wasansa amma ba ya cikin takarar fenti.

Wata sabuwa ta ɓullo a 2024. A gasar Golden Demon da aka yi a AdeptiCon, wani aiki ya zo na ɗaya a ajinsa, sai magana ta fito cewa hoton dajin da aka kafa a bayan sojan, kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira ce ta zana shi. Sojan kansa aikin hannu ne, kuma dokar lokacin ba ta ambaci wannan fasaha ba. Duk da haka masu fenti suka yi ta ce-ce-ku-ce, har kamfanin ya gyara doka ya hana amfani da ita a gasar.

Mu dai a ganinmu gyaran nan ya yi daidai. Ba mu ce laifi ne mutum ya biya a yi masa fenti ba. Wani aiki ya yi masa yawa, wani hannunsa na rawa, wani idonsa ya yi rauni, kuma duk suna da haƙƙin su zauna a tebur da runduna mai kyau. Abin da muke cewa shi ne, lambar yabon fenti shaida ce, kamar takardar jarrabawa. Cewa take yi wannan mutum ya iya kaza. In aka miƙa ta ga wanda bai iya ba, an yi wa jama'a ƙarya, an kuma kashe gwiwar yaron da ya shafe wata uku a kan soja ɗaya, ya zo ya tarar aljihu ake aunawa.

Duk wanda ya taɓa ba da makin aikin hannu a makaranta ya san wannan ciwo. A ce yara su saƙo faifai ko mafici, sai ga na kasuwa sumul-sumul a gefen wani karkatacce wanda yaro ya sha sukar kaba kafin ya gama. Malamin da ya ba na kasuwa maki mafi yawa, ya koya wa aji duka darasin da ba ya cikin manhaja. Masu gasar Ingila sun gane haka, shi ya sa suka ware wa yara ajinsu, inda za a auna hannun yaro da na yaro ɗan'uwansa, suka kuma tsaya a kan cewa sunan da ke jikin takarda ya zama na mai buroshin.

Saboda haka iyaye da malamai, in za mu yaba, mu fara tambaya tukuna: hannun wa ya yi? Zanen aro dai ba ya rufe katara.