A Fara da Gini Kafin a Kai ga Mutum-mutumi

Cikin manhajar fasahar zane wadda hukumar WAEC take jarraba ɗaliban sakandare a kanta, akwai babi na tarihin fasahar Turai da ya ƙunshi aikin Yunanawa da na Rumawa, da kuma na ƙarnonin tsakiya, watau shekaru wajen dubu da suka shuɗe tsakanin faɗuwar daular Rum ta yamma a 476 da farfaɗowar ilmi a Italiya cikin ƙarni na 15. Jama'a biyu ne ke ƙyamar wannan babi a ƙasarmu, kuma ko da yake dalilansu sun saɓa, sun yi ittifaƙi a kan hukunci guda. Akwai iyayen da ke cewa abin duka gumaka ne da tsiraici da majami'u, ba ruwan ɗan Musulmi da su. Akwai kuma masu kishin gargajiya da ke cewa al'ummar da ta gaji Nok da Ife da Binin ba ta bukatar a zaunar da 'ya'yanta gaban duwatsun Atina. Amma a ganina wanda ya fi su yi wa babin illa shi ne masoyinsa, malamin nan da ke cika allo da sunayen ginshiƙai uku na Yunanawa da shekarar da aka gama Parthenon, ya ce a haddace, yara su haddace su juye a takardar jarrabawa, su bar makaranta ba su taɓa ganin ko hoton abin da suka rubuta ba.

Ra'ayina shi ne a karantar da babin da gaske, amma a shiga masa ta ƙofar gini, domin gini yana zuwa da mas'alar da hankalin yaro zai iya kamawa. A ɗauki Pantheon na birnin Rum, wanda aka gama a zamanin Sarki Hadriyan wajen shekara ta 125 miladiyya: ƙubbarsa mai faɗin mita 43 an zuba ta ne da kankare ba tare da rodi ko ɗaya ba, ga kafa buɗe a tsakiyarta ta kusan mita 9, kuma har yau tana nan tsaye. Idan malami ya tambayi aji abin da ya hana ta faɗuwa, ya bar su suka yi ta gardama, sa'an nan ya nuna musu cewa maginan sun riƙa rage kaurinta yayin da suke hawa, suka sa duwatsu masu nauyi a gindi da marasa nauyi na aman wuta a sama, suka kuma rarake cikinta da gurabe masu kusurwa huɗu, to, ya koyar da abin da ba a mantawa. Yaron da ya taɓa ɗaga kai ƙarƙashin ɗaurin guga, ko ya ji yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya da azara da laka a farkon rabin ƙarni na 19, zai gane nan take cewa damuwar maginin Rum ita ce ta maginin Zazzau, watau a rufe fili mai faɗi kuma a san inda nauyin rufin zai sauka.

Daga nan hanya ta miƙe zuwa Aya Sofiya, majami'ar da Sarki Jastiniyan ya sa masana handasa biyu suka gina a Ƙustantiniyya tsakanin 532 da 537, wadda ƙubbarta ta farko ta rufta a 558 bayan girgizar ƙasa, aka sāke ɗora ta da ƙarin tsayi domin ta rage tura bango waje. Da Turkawa suka ci birnin a 1453 suka mai da ita masallaci, maginansu, musamman Sinan, sun yi ta nazarinta har suka fitar da tsarin masallatan Usmaniyya. Sai kuma Faransa, inda aka keɓe sabon sashen majami'ar Saint-Denis a 1144, aka kuma sāke gina ta Chartres bayan gobarar 1194. Sirrin waɗannan shi ne baka mai tsini da matokaran da aka jingina daga waje, waɗanda suka ɗauke wa bango kaya har aka iya huda shi a cika da gilashi mai launi. Alhali kuwa baka mai tsinin nan yana jere a Masallacin Ibn Ɗulun na Alƙahira tun 879, shekaru fiye da 250 kafin Saint-Denis, kuma malaman tarihi da yawa na ganin ta hanyar Sikiliya da kudancin Italiya ya shiga Turai.

Ga iyayen da ke jin tsoro, wajibi ne a ba su amsa da ladabi, domin tsoron nasu yana da asali. Hukuncin yin sura da ajiye ta na malaman fiƙihu ne, kuma babu malamin zane da ya isa ya yi fatawa a kansa. Sai dai sanin abu daban yake da yinsa, magabata kuma ba su rufe ido ba. Abdullaɗif al-Bagdadi, likita kuma masanin luga, ya bayyana gumakan Fir'aunoni a littafinsa kan Masar wajen 1200, yana mamakin daidaiton gaɓoɓinsu. Ibn Jubair na Andalus, a kan hanyarsa ta komawa daga hajji, ya shiga wata majami'a a Palermo a ƙarshen 1184, ya siffanta bangayenta na zinariya dalla-dalla, sa'an nan ya nemi tsarin Allah daga fitinarsu, ya haɗa kallo da taƙawa a shafi guda. Ya kamata kuma ɗalibi ya sani cewa Kiristocin Rum ta gabas su kansu sun yi rikici a kan surori daga wajen 726 zuwa 787, aka sāke tayar da shi daga 815 zuwa 843, ana farfasa hotuna ana korar masu kare su. Haka nan adon tsakuwa da gilashi na Masallacin Dimashƙa, na zamanin Halifa al-Walid, sana'ar Rumawa ce aka ɗauka aka cire mata mutum da dabba, aka bar itatuwa da ƙoramu da gidaje. Kuma da al-Hakam na Biyu ya so ƙawata mihrabin Ƙurɗuba wajen 965, wurin sarkin Ƙustantiniyya ya aika a turo masa gwani.

Maganar tsiraici kuwa ba ta kai yadda ake kururuta ta ba. Ba lalle ne a kafa wa 'yan shekara 15 hoton tsirara a aji ba, ya isa a gaya musu cewa Yunanawa sun yi haka da dalilin da ya sa. Ga mahayin keken doki na Delfi, na tagulla, sanye da riga har idon sawu, ga ginshiƙin Tirajan na 113 mai labarin yaƙi a sassaƙe, ga ƙyallen surfani na Bayeux mai tsawon kusan mita 70 da ke ba da labarin cin Ingila a 1066.

Su kuwa masu kishin gargajiya, ina tare da su a kan cewa Nok da Ife da zayyanar Alƙur'ani su ne farillar manhaja, fasahar Turai tana biye. Amma su tuna cewa da Bajamushen nan Leo Frobenius ya ga kan tagulla a Ife a 1910, cewa ya yi ba aikin baƙar fata ba ne, ragowar wata ƙasa ce ta tatsuniyar Yunanawa. Wanda bai san aikin Yunanawa ba kuwa, da wace hujja zai rushe wannan da'awa? Matasan da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, sai da suka san tsarin Bature sa'an nan suka san inda za su saɓa masa. Kuma duk wanda ya karanta ƙarnonin tsakiya da idon basira zai tarar Turai tana karɓa kamar yadda take bayarwa. Sarki Offa na Mersiya, a Ingila, ya buga dinari yana kwaikwayon na Halifa al-Mansur na shekara ta 157 bayan hijira, har da kalmar shahada a jiki, aka sa sunansa a juye domin mai bugun bai iya karatun Larabci ba. Alkyabbar Sarki Roja na Biyu na Sikiliya, wadda take Biyana a yanzu, rubutun kufi ne a bakinta mai tarihin 528 bayan hijira. Taswirar da aka zana a Mayorka a 1375 kuwa tana nuna Mansa Musa zaune riƙe da zinariya. Ga shi kuma Girka tana neman a mayar mata da sassaƙen Parthenon da gwamnatin Ingila ta saya a 1816, daga gidan tarihin da ke riƙe da tagullar Binin da aka kwashe a 1897, kuma wannan kaɗai ya isa muhawarar darasi guda.

Duk wannan bai fi ƙarfin makarantar da ba ta da ɗakin zane ba, muddin akwai wayar da za a nuna hoto da ita, da kamfas da rula, da lakar da za a gwada ɗora baka mai zagaye da mai tsini a ga wanda ya fi tura gefe. Abin da ya rage yana hannun masu tsara jarrabawa, domin malami abin da za a tambaya yake koyarwa; saboda haka ina roƙon WAEC da NECO su riƙa sa tambaya ko da ɗaya a kowace shekara mai ɗauke da hoton gini, a nemi ɗalibi ya faɗi zamaninsa, ya kuma nuna da kibiya inda nauyin rufinsa yake sauka.