Sabon tauraron GLONASS na Rasha: ƙarin ƙarfi ne ko toshe ɓaraka?

A farkon watan Maris na 2025, rokar Soyuz-2.1b ta tashi daga sansanin soji na Plesetsk da ke yankin Arkhangelsk a arewacin Rasha, ɗauke da tauraron ɗan'adam da aka laƙaba wa suna Kosmos 2584. Shi ne na biyu a sabon samfurin GLONASS-K2, wato taurarin nuna hanya da Rasha ke gogayya da GPS na Amurka da su. Wasu daga cikinmu sun karɓi labarin kamar Rasha ta gama mamaye samaniya. Ni dai a ganina gyaran rufi ne ake yi kafin damina ta kankama.

Bari in fara da yadda abin ke aiki, tunda hali zanen dutse ne, malami ba ya barin allo. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma ba ya daina aiko da saƙon lokaci da inda yake. Na'urar da ke ƙasa sai ta auna tsawon lokacin da saƙon ya yi a hanya, ta fitar da nisa. Idan ta ji daga taurari huɗu, ta san inda take. Saƙon na gudun haske ne, kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa zai jefar da kai mita 300 daga inda kake. Ga direban tasi wannan ɓacin rai ne kawai. Ga makami mai linzami kuwa, ai an tashi a banza ke nan.

GLONASS na buƙatar taurari 24 a nisan kusan kilomita 19,100 kafin ya game duniya. Tarayyar Sobiyet ta harba na farko a 1982, an cika adadin a 1995, sai talaucin shekarun nan ya ci shi, har ya zamana a 2001 waɗanda ke aiki ba su kai goma ba. Sai a 2011 aka sake cikawa. A Yulin 2013 ma rokar Proton ta rikito a Baikonur da taurari uku a cikinta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Taurarin GLONASS-M da suka daɗe suna riƙe da tsarin an ƙera su ne don shekara bakwai, kuma da dama sun zarce wa'adinsu. Takunkumin da ƙasashen Yamma suka ƙaƙaba tun 2014, bayan ƙwace Kirimiya, ya toshe wa kamfanin Reshetnev hanyar samun ƙananan kayan lantarki masu jure zafin samaniya, aikin ya yi ta jan ƙafa. Ga kuma yaƙin Yukiren, inda bama-bamai masu tafiya da fukafukai da jirage marasa matuƙa ke dogara da irin wannan saƙo. Babu sojan da zai yarda idonsa ya kasance a hannun abokin gabarsa, shi ya sa Mosko ba za ta bari tsarin ya mutu ba ko nawa zai ci.

Mu ma muna cin moriyarsa ba da saninmu ba, domin tun 2007 Rasha ta buɗe saƙon farar hula kyauta, kuma yawancin wayoyin da ke aljihunmu suna haɗa shi da GPS da Galileo na Turai da BeiDou na Sin.

Abin da nake dubawa shi ne lissafi. An tsara sababbin taurarin su yi shekara goma. Raba 24 da 10, za ka ga ana buƙatar fiye da biyu kowace shekara don kawai kada adadin ya ragu. Amma tsakanin K2 na farko, da aka harba ranar 7 ga Agustan 2023, da wannan na biyun, sai da aka shafe kusan wata 19.