Sharhi: Riba a takarda da kuɗi a hannu

A ranar 3 ga watan Yunin 2024 ne Babban Bankin Najeriya, CBN, ya soke lasin bankin Heritage, yana mai cewa shugabannin bankin sun kasa farfaɗo da harkokin kuɗinsa.

Hukumar inshorar kuɗaɗen ajiya ta ƙasar, NDIC, ta biya masu ajiya har zuwa naira miliyan 5 ga kowane mutum. Waɗanda ajiyarsu ta haura haka kuwa sai da suka jira har watan Afrilun 2025, inda a kason farko aka ba su kwabo 9.2 a kan kowace naira ta ragowar kuɗinsu.

Lamarin ya sake tado da wata tsohuwar tambaya: ta yaya mai ajiya ko mai ba da kaya bashi zai gane cewa kamfanin da yake hulɗa da shi zai iya biyansa idan lokaci ya yi?

Tambayar ta shafi manyan birane, ta kuma shafi garuruwa irin su Kankia da Kusada a tsakiyar jihar Katsina, inda noma da kiwo da fataucin hatsi ke riƙe da jama'a, kuma mafi yawan ciniki ke tafiya a kan amana.

Me rahoton kuɗi ke nunawa?

Rahoton kuɗi na shekara yana da manyan sassa uku. Na farko yana jera abin da kamfani ya mallaka da bashin da ake binsa. Na biyu yana nuna riba ko asara. Na uku kuma yana bin sawun tsabar kuɗin da suka shiga da waɗanda suka fita.

Galibi idon jama'a kan tsaya ne a kan riba. Sai dai a tsarin akanta, da zarar an sayar da kaya ana rubuta ciniki, ko da mai saye bai biya ko kwabo ba. Don haka kamfani na iya bayyana riba mai tsoka alhali asusunsa a bushe yake.

Wannan ne ya sa masana ke amfani da ma'aunin ƙarfin biyan bashi, wato kwatanta kadarorin da za su iya zama kuɗi cikin shekara guda da bashin da wa'adinsa zai cika a cikin shekarar.

Misali daga kasuwar hatsi

A ɗauki misalin wani kamfanin hatsi a Kankia da ke da masara da dawa na naira miliyan 20 a sito, yana bin dillalai bashin miliyan 6, kuma yana da miliyan 4 a banki. Jimilla miliyan 30 ke nan. Shi kuma manoma da masu motoci da banki suna binsa miliyan 15.

A ma'auni na farko kamfanin na da naira biyu a kan kowace nairar bashi, abin da littattafan akanta da dama ke ɗauka a matsayin lafiya lau.

Amma idan aka cire hatsin da ke sito, miliyan 10 ne suka rage, wato kimanin kwabo 67 a kan kowace naira. Idan kuma aka cire bashin da ke hannun dillalai, abin da ya rage bai kai kwabo 27 ba.

Bambancin ya fito fili a shekarar 2025, lokacin da farashin masara da shinkafa ya faɗi a kasuwannin arewacin Najeriya. 'Yan kasuwar da suka ɓoye kaya da tsada sun ga darajar sitonsu ta zabge, bashin da ke kansu kuma yana nan daram.

Darasin bankuna

A ɓangaren bankuna, doka ba ta bar wannan ma'auni ga son ran masu banki ba. CBN na buƙatar manyan bankunan kasuwanci su riƙe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ajiyar jama'a a matsayin kuɗi ko takardun da za a iya sayarwa nan take. Ga ƙananan bankuna kuwa kashi 20 ne.

Amma ma'auni ba ya da amfani idan alƙaluman da aka gina shi a kansu na bogi ne.

A ranar 14 ga watan Agustan 2009, gwamnan CBN na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sallami shugabannin bankuna biyar, ciki har da Oceanic da Intercontinental, ya kuma zuba musu naira biliyan 420. Binciken da aka yi ya gano tarin basussukan da ba a biya, waɗanda rahotannin bankunan ba su nuna girmansu ba.

Kafin wannan, a 2006, an gano cewa kamfanin Cadbury Nigeria ya shafe shekaru yana kumbura alƙalumansa da kimanin naira biliyan 13.

A watan Mayun 2023 ma CBN ya soke lasin ƙananan bankuna sama da 170, kuma rashin miƙa rahoton kuɗi na cikin dalilan da aka bayar. Irin waɗannan bankuna ne suka fi kusa da mutanen karkara.

Giɓin da doka ta bari

Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni, waɗanda cinikinsu a shekara bai wuce naira miliyan 120 ba kuma dukiyarsu ba ta haura miliyan 60 ba. Ba dole ba ne su ɗauki mai binciken kuɗi daga waje, ko da yake wajibi ne su riƙa ajiye bayanan kuɗi.

Sassaucin ya rage musu ɗawainiya. Amma kuma yana nufin cewa a wurare irin su Kankia da Kusada, inda ƙananan sana'o'i ne suka fi yawa, nauyin bincike ya koma kan wanda zai ba da kuɗinsa ko kayansa.

Lissafin dai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ɗan kasuwar da ke fitar da zakka duk shekara yakan ƙidaya kuɗin hannunsa, ya yi wa hajarsa kuɗi, ya kuma duba basussuka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rubuta wannan lissafi a tsare, da nuna shi ga abokan hulɗa.

Ga manomin da zai ba da amfanin gonarsa bashi, ko ɗan ƙungiyar gama kai da ke zubi duk wata, tambayoyi uku sun isa: nawa ne a hannu, nawa ake bin kamfanin, kuma yaushe wa'adin biya zai cika. Kamfanin da ya kasa amsa su a rubuce ya riga ya ba da amsa.