Waiwaye: Dajin da muka yi ta ƙonawa a gonakinmu

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Duk shekara idan bazara ta kama, na ga hayaƙin sassabe yana tashi daga gonaki, sai in tuna ƙuruciyata a ƙauyenmu da ke arewacin Katsina, dab da iyakar Nijar. Da sassafe mahaifinmu zai ɗauki gatari, mu yara mu bi shi da adda. Duk wata sabara ko kalgo ko geza da ta tofo a gona sai mun sare ta har ƙasa, mu tara, mu cinna wuta a kan kututturen don kada ya sake tasowa. A lokacin, manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fayau kamar tafin hannu, wanda kuma ya bar tsirrai a tasa rago ake kiransa.

Abin da ke biyo baya ma ban manta ba. Ruwan farko zai sauka, mu shuka gero, ya fito kore shar. Kwana kaɗan iska ta taso da yashi, ta yanke shukar ko ta binne ta. Akwai shekarar da sai da muka shuka gona ɗaya sau uku. A gida kuwa, mahaifiyarmu da ta saba samo itacen girki a bayan gari ta koma dafa tuwo da kara da busasshen kashin shanu, abubuwan da ya kamata su koma gona su zama taki. Ba wanda ya taɓa haɗa wannan wahala da wutar da muke cinnawa da hannunmu.

Maganin da hukumomi suka kawo a wancan zamani shi ne dashe. Bayan farin shekarun 1970, an buɗe wuraren renon itatuwa a Nijar da arewacin Nijeriya, ana raba turare da dalbejiya a cikin leda. Mu ma mun dasa a makaranta, muka yi ta ɗebo ruwa daga rijiya. Kafin wata daminar awaki da gara da zafin rana sun gama da mafi yawansu. A wasu wuraren dashen ya kama. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, layukan dalbejiya da aka fara dasawa a 1975 don tare iska sun girma, har aka riƙa sassare kawunansu ana samun itace suna sake tofowa. Amma aiki ne mai cin kuɗi da ruwa da gadi, kuma ƙasar da ta tsiraice ta fi ƙarfin abin da leda za ta iya ɗauka.

A Maraɗi ne al'amarin ya juya. Wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Nijar a 1981 yana aiki da ƙungiyar SIM, shi ma dashen yake yi, suna mutuwa. Wata rana a 1983, yana jan mota da itatuwan dashe zuwa ƙauye, ya tsaya rage iskar taya don ya ratsa yashi. Idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, ya matsa ya dubi ganyen, sai ya gane cewa itace ne da aka sare, kututturen yana raye, saiwarsa na nan a zurfin ƙasa tana turo toho. Irinsa kuwa ga su nan birjik a gonaki, ana sarewa duk shekara. Ashe dajin da ake kukan ya ƙare yana nan kwance a ƙarƙashin ƙasa, da saiwar da ta riga ta kai ga laima, abin da ɗan dashe zai shekara da shekaru bai samu ba.

Manoma ƙalilan ne suka yarda suka gwada a farko, maƙwabta suna yi musu kallon mahaukata. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, a ƙauyuka wajen ɗari. An raya itatuwa kimanin 500,000. Da rabon abincin ya ƙare, aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga geronsu bai ragu ba, ga itacen girki a kusa, ga abincin dabbobi. Gani ya kori ji. Daga nan abin ya riƙa tafiya daga gona zuwa gona, har ya sami sunansa na Hausa: sassabin zamani.

Na ga yadda ake yinsa a gonar wani dattijo a yankin Agye. Ya tsuguna gaban wani kututturen kalgo da ya fitar da toho sun fi ashirin, cunkus kamar tsintsiya. Ya duba, ya zaɓi huɗu masu ƙarfi da suka miƙe, ya yanke sauran. Waɗanda ya bari ya rage musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu. Addarsa tana da kaifi, kuma daga ƙasa zuwa sama yake kai sara. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka sara daga sama?" Ya ce, "Yaro, in ka saro daga sama ɓawon zai yage, ciwo ya shiga. Itace ma rai gare shi." Ya ɗaura ɗan tsumma a jikin ɗaya, alamar cewa wannan yana da mai shi. Bayan wata biyu zuwa shida zai dawo ya cire sabon tohon da ya fito, don abincin da saiwa ke turowa ya tafi ga waɗanda aka zaɓa.

Wajen sara ma da tsari. Kowace shekara yakan sare guda ɗaya daga cikin huɗun, ya bar sabon toho ya maye gurbinsa, saboda haka kututture ɗaya yana ba shi sanda ko gofa ko itacen girki duk shekara ba tare da ya mutu ba. Wanda ya fi kyau a cikinsu yakan bar shi ya zama babban itace. Ganyen da ya zuba taki ne, rassan da aka rage in an shimfiɗa su a kan fako suna tare yashi da ƙwayar iri. Kayan aikin duka gatari ne da adda da ido mai lura.

Sarkin itatuwan gona a wannan yanki shi ne gawo. Allah ya yi shi da hali na daban: da damina yake zubar da ganye, da rani yake yin kore. Don haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa ya zama taki daidai lokacin shuka, 'ya'yansa kuma su ciyar da dabbobi a tsakiyar rani, dabbobin su bar kashi a gindinsa. Wanda ya bi ta Matamai da Magarya da Mirya a jihar Damagaram zai ga gonaki cike da matasan gawo. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan, da suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam, sun ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da manomin Burkina Faso Yacouba Sawadogo.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na mallaka. Da dokar daji ta Turawan Faransa ta 1935, itace a Nijar ya zama na hukuma, ko da a gonarka ya fito. A wajenmu ma na ga malamin daji ya ci wani maƙwabcinmu tara saboda ya sare reshe a gonar da ya gada. Mutumin da ya san itacen da ya rena zai jawo masa tara, tun yana ƙarami zai kashe shi. Sai da ma'aikatan gandun daji a Maraɗi suka sassauta, manomi ya tabbata abin da ya rena nasa ne, sannan itatuwa suka tsaya. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka kafa kwamitocin tsaro, da mata da makiyaya a ciki, don hana saran dare. Dokar daji ta 2004 da wata doka ta 2020 suka ƙara ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen da ya raya.

Ko a gandun daji hikimar ɗaya ce. A dajin Gesalbodi kusa da Yamai, a shekarun 1980, an raba dajin kashi goma, ana saran kashi ɗaya a shekara, a hana dabbobi shiga na ɗan lokaci har kututture ya tofo, kafin a zagayo kansa ya sake zama daji. Wannan ya sha bamban da abin da masu gawayi ke yi wa kirya da marke a dazukanmu yau, inda ake kwashe manya da ƙanana a bar ƙasa tsirara.

Dashe yana da wurinsa. Inda motar noma ta tumɓuke saiwa, ko ƙasa ta zama fako babu ko iri, dole a dasa ko a shuka ƙwaya. Amma kafin a kashe kuɗi a kan leda, a fara duba abin da ke raye a ƙasa. Ina kira ga hukumar Babbar Koriyar Ganuwa da gwamnatocin jihohinmu da su koya wa malaman gona wannan aiki, su kuma tabbatar wa manomi a rubuce cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne. Kai kuma ɗan'uwana manomi, idan ka fita sassabe bana, ka tsaya a gaban kututturen farko kafin ka kai masa wuta. Zaɓi toho uku ko huɗu, ka gyara su, ka ɗaura musu alama. In Allah ya kai mu baɗi, da idonka za ka ga tsayin da suka yi.