Soyayyar fim ɗinmu ba ta san hanyar Kutawa ba

Duk wanda ya kalli fim ɗin soyayya uku na Kannywood zai iya rubuta na huɗu. Saurayi ɗan mai kuɗi ne, budurwa 'yar talaka, Hajiya ta ce ba da ita ba, sai a kawo 'yar ƙawarta a tsaya kai da fata. Daga nan boka ya shigo, a yi kuka, a yi waƙa, asiri ya tonu, a ɗaura aure. A Kutawa da Kurfi da cikin garin Dutsin-Ma, matasa na biyan kuɗi a tura musu waɗannan finafinai a waya, kuma sun san ƙarshen labarin tun kafin a fara.

Maimaici shi kaɗai ba laifi ba ne. Mun taso muna jin Gizo yana cutar Ƙoƙi kullum dare, ba mu gaji ba. A Amurka ma tashar Hallmark na fitar da finafinan soyayya masu kama ɗaya duk ƙarshen shekara. Kuma tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa Sangaya da Wasila, an san masana'antar ta sha nonon fim ɗin Indiya, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana nunawa. Ƙorafina a kan abin da ake maimaitawa ne.

A dubi inda ake ajiye masoya. Gidan bene ne a Kano ko Abuja, da falo mai kujerun alfarma da mota a tsakar gida. Idan ɗan ƙauye ya bayyana, an kawo shi ne don a yi dariya: mai gadi ne da hula a karkace, ko 'yar aiki da ba ta san firij ba. Yarinyar da ke kallo a Kutawa tana ɗaukar darasi biyu a zama ɗaya: so na gaske da mota yake zuwa, kuma mutanen garinsu abin ba'a ne. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce a inda saurayi ke shekara yana tara kuɗin lefe da noman rani.

A dubi kuma abin da ke raba masoya. A fim, kullum muguwar uwa ce, ko kishiya, ko asiri. A tsakiyar jihar Katsina, abin da ke hana aure ya fi haka nauyi: tsadar kayan ɗaki, rashin aiki bayan an gama Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Kwalejin Isa Kaita, da 'yan bindiga da suka tashi ƙauyuka a yankin Safana da Batsari da Kurfi. Akwai wanda kuɗin sadakinsa suka tafi a kuɗin fansa. Akwai amaryar da ta tare a ɗakin haya a gari saboda ƙauyen mijinta ya zama kufai. Akwai manomin da ke kusa da dam ɗin Zobe, wanda ranar aurensa ta dogara da farashin tumatir. Duk waɗannan labaran soyayya ne, kuma an bar su a ƙasa.

Masu shiryawa za su ce kasuwa ce. Tun da cinikin faifai ya mutu aka koma YouTube, inda kuɗi ke bin yawan kallo, kowa na tsoron gwada abin da ba a saba da shi ba, ga kuma Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, a kan hanya. Za su ƙara da cewa wanda ya wuni cikin fargaba hutu yake nema da dare. Akwai gaskiya a ciki, amma tarihi ya ƙaryata rabinta. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, labarin matar da aka saka da 'ya'ya a gabanta, ya samu karɓuwa har aka yi fim ɗinsa. Bayan buɗe Arewa24 a 2014, Daɗin Kowa ya ɗauki rayuwar talakawa a unguwar da ba ta da gidan bene, mutane suka bi shi shekara da shekaru. Kwana Casa'in ya taɓa siyasa da cin hanci, aka zauna aka kalla.

Ashe ba masu kallo ne suka ƙi sabon labari ba. Marubutan ne suka daina fita nemansa. Daga Katsina zuwa Dutsin-Ma tafiyar kamar awa ɗaya ce. Marubucin da ya kwana biyu a can, ya zauna a majalisar samari da wajen masu caji, ya saurari tsofaffin mata a gidan biki, zai dawo da abin da ya fi Hajiya da boka ƙarfi. Mu kuma masu kallo muna da namu alhakin, domin duk kashin da muka danna ƙuri'a ce muka jefa, kuma da ita ake yanke abin da za a shirya gobe.