Haƙƙin mallaka ko haƙƙin aljihu?

Ƴan uwa ɗalibai, musamman mu da muke tasowa daga Mutum Biyu da sauran garuruwan Gassol zuwa Jalingo ko Wukari neman ilimi, ku zo mu yi maganar PDF.

Duk wanda ya yi zango ɗaya a jami'a ko kwaleji ya san yadda abin yake. Littafin Turawa mai shafi dubu, wanda da dala ake faɗin kuɗinsa, yana yawo a guruf ɗin WhatsApp na aji, daga nan a tura ta Xender, mai fotokofi na bakin get ya buga maka babin da kake so. Ba mai cewa uffan. Wani lokacin ma lakcara da kansa ne zai ba kilas-ref ya raba. Amma ka kuskura ka ɗauki hoton handawut ɗin malam ka tura wa abokinka da ba shi da kuɗin saye, nan take za a tuna akwai doka. Sai ka ji ana kiran satar fasaha, ana barazanar kwamitin ladabtarwa, ana cewa wanda babu sunansa a jerin waɗanda suka saya ya manta da makin CA.

Wace irin doka ce wannan da ba ta farkawa sai an taɓa aljihun mutum ɗaya?

Dokar gaskiya tana nan. Ita ce dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ta yarda a yi amfani da rubutun wani bisa adalci don karatun kai ko binciken da ba na kasuwanci ba. Ba ta ce ka kwashi littafi sukutum ka watsa wa duniya ba, kar wani ya ce ni na faɗa. Amma fa babu inda ta haɗa makin jarrabawa da rasit ɗin sayen handawut.

A Amurka, inda aka fi tsanani, a 2009 kotu ta ci tarar wani ɗalibin Jami'ar Boston, Joel Tenenbaum, dala 675,000 kan waƙoƙi 30. Duk da haka dokarsu ta manyan makarantu ta 2008 ba ɗalibi kaɗai ta ɗora wa nauyi ba. Ta wajabta wa makaranta ta sanar da ɗalibai ƙa'idar duk shekara, ta kuma nuna musu hanyar halal da za su samu abin da suke nema. A Indiya kuwa, a 2012 kamfanonin buga littattafai na Oxford da Cambridge da Taylor & Francis suka maka wani ɗan shagon fotokofi na Jami'ar Delhi a kotu, saboda yana haɗa wa ɗalibai babobin da aka ce su karanta. A 2016 kotu ta ce kwafi don koyarwa ba laifi ba ne, a 2017 kamfanonin suka janye ƙarar. Can an zauna an yi muhawara, an fitar da ƙa'ida a rubuce. Mu nan ƙa'idar tana bakin malam, kuma tana canzawa daga kwas zuwa kwas.

Na san abin da za a ce: albashin malamai bai kai ya kawo ba. Gaskiya ne, wata takwas muka yi a gida a 2022 kan yajin aikin ASUU. Amma uban da ya sayar da buhun shinkafa ko doya a kasuwar Mutum Biyu ya biya rajista ba shi ya riƙe wa malam albashi ba. Kwas tara ko goma a zango, kowanne da nasa handawut na dole, ga haya, ga kuɗin mota, ga data. Wallahi akwai wanda garin kwaki yake sha don ya sa sunansa a wannan jerin. Kuma ka buɗe wasu handawut ɗin, za ka ga daga wancan littafin Turawan aka kwaso su, ko waƙafi ba a canza ba. Wa ya saci na wa?

Malamin da ya yi gumi ya rubuta littafi na ƙwarai, a saya, haƙƙinsa ne. Haka marubutan Hausa da ƴan Kannywood da muke tura aikinsu kyauta ba kunya, wannan kam ba karatu ba ne, cin gumin ɗan'uwa ne. Sai dai saye ya zama don littafin ya isa a saya, ba don tsoron kari-oba ba.

Shugabannin SUG, ga aikin da ya fi rabon riguna ranar zaɓe. Ku nemi hukumar makaranta ta rubuta a littafin dokokin ɗalibai abin da aka yarda a kwafa da wanda ba a yarda ba. Duk littafin da aka wajabta, a ajiye kwafinsa a laburare. A raba maki da ciniki. Sannan ku tambaya: rumbun littattafan intanet na TERAS da TETFund ta buɗe wa manyan makarantun gwamnati a 2023, ɗalibai nawa aka taɓa nuna wa yadda ake shigarsa? Wanda aka nuna masa a makarantarsu ya faɗa mana a ƙasa.